Oga ya ce ba ni da mu'amala, Baba ya ce in je in yi MBA

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni saurayi ne ɗan shekara 30, na karanta akanta a jami'a, shekarata biyar kenan ina aiki a sashen kuɗi na wani babban kamfani a Kano. Tun ina yaro ake ce min miskili, wasu su ce girman kai gare ni, ni kuma Allah ya sani ba haka ba ne, kawai ban san yadda ake shiga hira ba kuma hayaniya tana gajiyar da ni sosai. Bara na je wajen likitan ƙwaƙwalwa saboda rashin barci, bayan zama da yawa da tambayoyi, har Mama sai da aka kira aka tambaye ta yarintata, ya ce ina da otizim, wato yanayin halittar ƙwaƙwalwa da ke sa mu'amala da hayaniya su yi wa mutum wuya. Gaskiya na ji sanyi a raina don na samu sunan abin.

Matsalar ita ce sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake ni, har wanda ni na koya masa aiki ya wuce ni. Na tambayi ogana ya ce aikina ba shi da matsala amma wai ba ni da mu'amala. Akwai ranar da na gyara masa lissafi a mitin a gaban manya, tun daga ranar ya canja min fuska. Ofis ɗinmu babban falo ne mu kusan talatin, ga waya ga hira ga ƙarar janareta, in na dawo gida ko magana ba na iya yi sai dai in kashe fitila in kwanta. Baba bai yarda da maganar likita ba, ya ce lafiyata ƙalau, MBA kawai nake buƙata, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a can zan koyi magana da shugabanci, har ya ce zai biya daga kuɗin sallamarsa na ritaya. Ni kuma da na tuna aikin rukuni da tsayuwa a gaban aji sai gabana ya faɗi. Anti in yi MBA ɗin ne? In gaya wa kamfani abin da likita ya ce ko in yi shiru? Ko dai irina ba su dace da aikin kamfani ba in haƙura?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta tsaya min a rai, bari in fara da ita don kar ka sake kwana da ita. Mutumin da ya yi shekara biyar a sashen kuɗi, ogansa da bakinsa ya ce aikinsa ba shi da matsala, har ya koya wa wani aiki, ba a cewa bai dace da aikin kamfani ba. Babu kamfanin da zai bar mutum a kan kuɗinsa shekara biyar don tausayi. Abin da nake gani a wasiƙarka shi ne aiki biyu kake yi kullum, aikin lissafi da kuma aikin ƙoƙarin zama kamar kowa tun takwas na safe har biyar na yamma, kuma wallahi na biyun nan ne yake kwantar da kai a ɗaki mai duhu.

Kalmar nan ta mu'amala nake so mu zauna a kanta sosai, don duk maganarka a kanta take rataye. Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wani banki, kuma na ga kalmar nan a takardun auna ma'aikata na ƙarshen shekara ba adadi, ba shi da mu'amala, ba ya shiga mutane, ba ya tafiya da jama'a, kuma in ka zaunar da manajan ka ce to Yallaɓai me ya yi takamaimai, sai ya yi shiru ya fara lalube. In aka matsa sai ka ga abu biyu ne ko uku ƙanana. Ba ya gaishe ni da safe. Ba ya zuwa ta'aziyya. Yana faɗar magana gatsal. Shi kenan. Amma muddin aka bar ta a dunƙule sai ta zama kamar hukunci ne a kan halittarka gaba ɗaya, alhali abubuwa ne da za a iya ƙirgawa da yatsu a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani yaro a bankin nan da ba na mantawa da shi, yana sashen daidaita asusu. Kullum bayan sallar azahar sai ya ɗauki kular abincinsa ya je matattakalar bayan gini ya zauna shi kaɗai, har aka fara cewa ƙyamar cin abinci da mutane yake. Wata rana na bi shi, na same shi ya cire takalmi ya jingina da bango idonsa a rufe, abincin ma bai buɗe ba. Ya ce min Hajiya minti ashirin ɗin nan su ne suke kai ni yamma. Daga baya ya nuna min takardar likita irin taka. Abin da muka yi masa bai ci kamfani ko sisi ba, aka mayar da teburinsa kusurwa kusa da durowar fayil inda ba a wucewa ta bayansa, manajansa kuma ya koma rubuta masa aiki a imel maimakon ya jefa masa magana yana tafiya. Aikinsa dama mai kyau ne, amma fuskarsa ta saki, kuma mutane suka daina fassara shi tunda an gaya musu hutawa yake.

To kai ma ka nemi ogan nan ya ba ka minti goma sha biyar, ba ranar Litinin da safe ba, ba kuma ƙarshen wata da kowa ke cikin rufe lissafi ba. Ka shiga da littafi da biro. Ka ce Yallaɓai ina so in gyara maganar mu'amala da ka yi min, dan Allah ka ba ni misali uku na abin da ka gani ko ka ji, da abin da kake so ka gani a madadinsa. Ka rubuta abin da ya faɗa, kar ka kare kanka a wurin ko da ka ji bai yi maka adalci ba, ka yi godiya ka fita, da yamma ka tura masa ɗan gajeren imel cewa ga abin da na fahimta, in na yi kuskure a gyara min, kuma ina roƙon mu sake zama bayan wata uku. Wannan imel ɗin amfaninsa biyu, kai ka samu abin da za ka kama a hannu, shi kuma in lokacin ƙarin girma ya zo ba zai sake fakewa da dunƙulalliyar kalma ba.

Maganar mitin ɗin nan kuwa, zan gaya maka gaskiya don na san gaskiya kake so. Lissafinka daidai ne mai yiwuwa, amma a idon ogan abin da ya faru shi ne yaronsa ya tsinka shi a gaban manyansa, kuma mu nan mutum zai manta asarar kuɗi bai manta ranar da aka kunyata shi ba. Ba na ce mugu ne ba, ciwo ya ji. Kai kuma ba da nufin cin fuska ka yi ba, ka ga lamba ba daidai ba bakinka ya faɗa. A zaman da za ku yi ka saka jimla ɗaya, Yallaɓai ranar nan da na yi magana a mitin ban yi don in rage maka daraja ba, na gane wurin bai dace ba, ka yi haƙuri. Kar ka ƙara bayani a kai. Nan gaba in ka ga kuskure ka rubuta a 'yar takarda ka miƙa masa, ko ka tura masa saƙo a waya, ko ka nemi ganin takardun kafin a shiga mitin don a gyara tun a ofis, sai ka ga halin nan da ya jawo maka fushi shi ne zai sa ya kasa shiga mitin ba tare da ka duba masa ba. Abu ɗaya dai, kai akanta ne, in abin da ka gani ya wuce kuskure ya shiga cuta ko ɓoye kuɗi, wannan ba a yin shiru a kansa don kunya, a rubuce ake kai shi inda ya dace.

Akwai wani abu da Hausa ta yi maka gata da shi ba ka lura ba. Gaisuwarmu a tsare take, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya mai jiki in akwai mara lafiya, amsoshin ma a tsare suke, ba sai ka ƙirƙiro hira ba. Minti biyu da safe ka bi teburan da ke kusa da kai da ofishin oga ka gaisa, ka riga ka biya rabin abin da suke kira mu'amala. Biki da suna ba dole ka je duka ba, ka sa hannu a gudummawa in an zagayo da takarda, amma ta'aziyya da dubiya ka daure ka je ko minti goma ne, a yi addu'a a shafa ka tashi, don waɗannan su ne mutanenmu ba sa mantawa da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Kallon ido kuma, a gida an koya mana sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, a ofishin kamfani sai a ce ba ka da ƙwarin gwiwa, to in kallon ƙwayar ido yana takura maka ka kalli goshi ko tsakanin gira lokaci lokaci, ya isa.

Inda na san za ka fi shan wuya shi ne maganar da ba a faɗa kai tsaye. Oga ya ce in ka samu lokaci ka duba min wannan, alhali nufinsa yau kafin a tashi. A ce maka za mu duba, nufin a'a ne. A ce ba komai, alhali da komai. Kar ka zauna kana hasashe, ka mayar da tambaya ɗabi'arka, Yallaɓai zuwa yaushe kake so, wanne zan fara tsakanin wannan da wancan. Kuma ka samu mutum ɗaya a ofis mai amana, ba lallai aboki na kusa ba, wanda za ka iya tambaya bayan mitin, me oga yake nufi da kaza. Wani malamin jami'a a Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya yi rubutu a 2012 cewa rashin fahimtar nan daga ɓangare biyu take, yadda mai otizim yake kasa karanta sauran mutane haka su ma suke kasa karanta shi. Na kawo maka wannan ne don kar ka ɗauki nauyin duka a kanka, su ma akwai nasu gyaran, kuma manajan da ya kasa faɗa wa ma'aikacinsa abin da yake so a fili shi ma bai cika aikinsa ba.

Yanzu MBA. Ni ba na gaba da MBA, na ga waɗanda ta buɗe wa ƙofa. Amma ka san me ake yi a ciki, ana koyar da dabarun kasuwanci da talla da sarrafa ma'aikata da harkar kuɗi da tsara manufar kamfani, kuma yawancin darasin ta hanyar tattauna labarin wani kamfani ake yinsa, a raba ku rukuni rukuni, ku yi muhawara, ku tsaya ku gabatar. A makarantar kasuwanci ta Harvard inda salon nan ya yi suna, kusan rabin makin ɗalibi a darussa da yawa daga magana a aji yake fitowa, kuma Lagos Business School ma da wannan salon take koyarwa. Sannan babban abin da mutane suke saya da kuɗinsu a MBA shi ne sanin mutane, abokan aji da za su zama manajoji gobe. Ka ga kenan wurin yana amfani da mu'amala ne fiye da yadda yake koyar da ita daga tushe. In ka ɗauki gajiyar da kake dawowa da ita yanzu ka ɗora mata lacca ranar Asabar da Lahadi da mitin ɗin rukuni da daddare, ina jin tsoron ka karye a tsakiya, kuɗin Baba sun tafi, kai kuma ka ƙara yarda da ƙaryar nan cewa ba ka iya ba.

Tambayar da ya kamata ta riga MBA ita ce wane irin girma kake so. A kamfani hanya biyu ce, akwai wanda yake hawa ta shugabantar mutane, yinin sa duk mitin ne da sasanta rigima da lallashi, akwai kuma wanda yake hawa ta ƙwarewa, ya zama shi ne wanda in maganar haraji ta rikice ko masu binciken kuɗi sun zo ko ana son a gano inda miliyoyi suka maƙale, ofishinsa ake nufa. Ka zauna ka kalli yinin wanda ya wuce ka ɗin nan da kyau, daga safe zuwa yamma me yake yi, ka tambayi kanka tsakani da Allah kujerar kake so ko albashin da darajar. In ƙwarewa ce hanyarka, ba ka faɗa min ko ka gama jarrabawar ƙwararrun akanta ta ICAN ko ANAN ba, in ba ka gama ba wallahi nan ne kuɗi zai fi yin amfani, don a sashen kuɗi takardar nan tana da nauyin da kowa ya sani, mai digirin akanta ana ɗauke masa wasu darussan ICAN, kuma karatu ne na kai da littafinka da jarrabawa, wato filin da ka fi ƙarfi. In ka gama akwai CITN ta ɓangaren haraji, akwai CISA ta binciken tsarin kwamfuta, akwai ACCA, takardar akanta ta ƙasa da ƙasa, in kana hangen kamfanonin waje. Ka ƙara da ƙwarewa sosai a manhajojin Excel da Power BI, ka zama mai fito da rahoton da manya ke karantawa.

In kuma ka duba ka ga a'a kai shugabancin kake so, to kar wani ya ce maka mai otizim ba ya shugabanci, ƙarya ne, ma'aikata da yawa sun fi son ogan da zai faɗa musu abu a fili, ba ya munafurci ba ya canja magana. Sai dai a bi a hankali. Ka fara neman a ba ka mutum ɗaya ko biyu a ƙarƙashinka, ko ɗan bautar ƙasa ne, tunda ka riga ka nuna ka iya koyarwa. Ka yi ɗan gajeren kwas na kwana biyu ko uku kan gabatar da jawabi ka ji yadda jikinka zai ɗauka. Gabatarwa ma fa abu ne da ake shiryawa a haddace a maimaita gaban madubi, masu otizim da yawa ta fi musu sauƙi a kan hirar cin abinci da ba ta da tsari. In bayan shekara ɗaya har yanzu zuciyarka na kan MBA, ga Dangote Business School nan a BUK kusa da kai, ga ta ABU Zariya ta karatu daga nesa, ga NOUN jami'ar karatu daga gida, waɗannan biyun na ƙarshe yawancin karatun daga ɗakinka za ka yi. Kafin ka biya ko kwabo ka je ka tambayi ɗaliban da ke ciki yadda ake raba maki da yawan aikin rukuni, kuma a rukuni ka riƙa karɓar ɓangaren lissafi da haɗa rahoto tun ranar farko.

Batun gaya wa kamfani, a nan ba zan ce maka yi ko bari kai tsaye ba, don magana ce da in ta fita ba ta dawowa. A doka kana da madafa, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta wariya, ta sa tarar naira miliyan ɗaya a kan kamfanin da ya karya ta, kuma an kafa hukuma ta ƙasa a kan haka a 2020. Amma kaso 5 cikin 100 na guraben aiki da dokar ta ce a ware wa masu buƙata ta musamman na ma'aikatun gwamnati ne, kuma ni da na zauna a ofishin ma'aikata na san wariya ba ta zuwa a rubuce, sai dai kawai ka ga an daina saka sunanka. Ga kuma matsalar suna, a rediyo in an ce otizim galahanga ake fassarawa, mutum na jin haka sai ya hango yaron da ba ya magana ana riƙe da hannunsa, ba akanta mai shekara biyar a aiki ba.

Don haka shawarata ka fara da faɗar buƙata ba tare da sunan ba. Ka ce na fi yin aiki mai kyau in babu hayaniya, a taimaka a mayar da ni teburin gefe. Ka ce in ina rufe lissafi zan sa abin toshe kunne na awa biyu, in ana nemana a taɓa teburina. Ka ce a riƙa turo min aiki a rubuce don kar in manta wani abu, a kuma ba ni ajandar mitin tun kafin lokaci. Duk waɗannan ma'aikaci kowane iri zai iya roƙa ba a ce komai ba. Ka samu naka wurin irin matattakalar yaron nan, masallacin ofis bayan an watse ko cikin mota, minti goma sha biyar bayan azahar. In an ba ka waɗannan shi kenan, sirrinka na hannunka. In an hana, ko ka ga ana shirin rubuta maka takardar gargaɗi a kan halayyar da ta samo asali daga otizim, a nan ne za ka je sashen kula da ma'aikata da wasiƙar likita, wadda ta faɗi abin da kake buƙata a wurin aiki ba dogon tarihin lafiyarka ba, ka roƙi a riƙe maganar a sirrance, kuma ka ajiye kwafin komai a gida.

Ka sani kuma ba kai kaɗai kake wannan fama ba, har a ƙasashen da suka fi mu tsari. A Birtaniya rahoton da gwamnati ta fitar a 2024 ya nuna kusan mutum 3 cikin 10 ne kawai na masu otizim da suka kai shekarun aiki suke da aikin yi. Wasu manyan kamfanoni sun gane asarar da suke yi, SAP na Jamus ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft da bankin JPMorgan Chase suka biyo a 2015, kafin su duka akwai kamfanin Specialisterne da wani uba ɗan Denmark, Thorkil Sonne, ya kafa a 2004 bayan an gano ɗansa na da otizim. Babban abin da suka canja shi ne intabiyu, maimakon a zaunar da mutum a auna iya zancensa sai a ba shi aiki a ga abin da zai yi. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Colorado a Amurka, mai otizim ce, ta yi suna wajen zana hanyoyin da ake bi da shanu a manyan mayanka, kuma ta sha faɗa cewa zanenta take buɗe wa masu kamfani a kan tebur su gani, da haka ta samu aiki. Kai ma ka yi haka, ka buɗe fayil tun yau kana rubuta kowane kuskure da ka kama, kowane rahoto da ka gyara, kwana nawa ka rage wajen rufe lissafin wata, wa ka koya wa aiki. Ranar auna ma'aikata ka shiga da shafi ɗaya na wannan. In kuma bayan shekara ka yi duk abin da aka ce an sake tsallake ka ba dalili, wannan shafin shi za ka ɗauka ka nemi wani wurin, ba laifi ba ne mutum ya bar inda ba a ganinsa.

Saura Baba. Dan Allah kar ka yi jayayya da shi a kan suna. Mutumin da ya ce zai ciro daga kuɗin sallamarsa, kuɗin da ya yi shekaru yana jira, ya ba ka, ƙauna ce take magana, kuma da ya ce lafiyarka ƙalau tsoro ne irin na uba, yana gudun a liƙa wa ɗansa sunan da zai hana shi aure ko aiki. Kuma ta wani gefen yana da gaskiya, otizim ba hauka ba ne ba aljanu ba ne ba kuma laifin tarbiyya ba, yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne da ake haihuwar mutum da shi, gado na da hannu sosai a ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a 2021 kusan mutum 1 cikin 127 na da shi, wasu suna buƙatar kulawa duk rayuwarsu wasu kuma suna ofis irinka. Mama ita ce ta zauna da likita, ita ta san yarintarka, ka bar ta ta riƙa shigar masa da maganar a hankali. Kai abin da za ka kai masa tsari ne, ka same shi bayan isha'i ka ce Baba na gode Allah ya ƙara girma, na yi bincike na ga a layinmu takardar ƙwararrun akanta ita ce gaba, ina so in fara da ita, MBA kuma mu sake duba ta nan da shekara ɗaya ko biyu. Uba in ya ga ɗansa da tsari hankalinsa kwanciya yake. Kuɗin kuma ka roƙe shi ya bar su inda suke tukuna, ka fara tambaya a ofis ko kamfani na biya wa ma'aikata kuɗin jarrabawar ƙwararru, da yawa suna yi.

Rashin barcin da ya kai ka asibiti kuwa kar ka sake shi don an samu suna. Damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun fi yawa a tsakanin manya masu otizim, kuma su ana maganinsu. Ka koma wajen likitanka ka gaya masa yadda kake dawowa gida ba ka iya magana, in ka fara jin ba ka son tashi da safe sam, ko abinci ya fita ranka, ko tunanin gara ma ba ka raye, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka je a ranar, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen masu wannan aikin. A gida kuma ka gaya wa Mama cewa awa ɗaya ta farko in ka dawo ta hutu ce ba fushi ba ne, bayan ita za ka fito a ci abinci tare. Allah ya dafa maka ƙanena, ka rubuto min abubuwa ukun da ogan ya lissafa, mu duba su tare.